Shin ya dace a bar abokan ciniki su kunna bot na hira a kan sabar haɗaka?

Tambayar ta fito ne daga mai ƙaramin kamfanin da ke bayar da hayar gurbin ajiye shafukan intanet. Yana da sabar guda wadda ɗaruruwan abokan ciniki suke tarayya a kanta, kuma wasu daga cikinsu sun fara neman izinin kunna bot na hira, wato manhajar da ke zama a zauren hira tana amsa saƙonni da kanta, wasu na IRC (tsohon tsarin zaurukan hira na intanet), wasu na Telegram ko Discord, suna cewa ƙananan manhajoji ne da ba sa cin komai. Yana son ya san ko akwai haɗari idan ya amince musu.

Akwai haɗari, kuma shawarata ita ce kada ka bar bot mai gudana dare da rana a kan injin da ke ɗauke da shafukan sauran jama'a. Dalilin bai tsaya ga girman manhajar ba, domin gaskiya ne cewa yawancinsu ƙanana ne. Abin da ya sa nake hanawa shi ne, duk ɓarnar da bot zai jawo ba ta tsayawa a kan mai shi, tana faɗawa ne a kan maƙwabtansa waɗanda ba su san da zamansa ba, kuma kai ne za su tuhuma. Akwai nau'i ɗaya na bot da za a iya bari ba tare da fargaba ba, zan zo kansa daga baya.

A fara da abin da kowa ke fara tunawa, wato cin ƙarfin inji. Cinikin sabar haɗaka ya ginu ne a kan zaton cewa yawancin shafuka suna barci a yawancin lokaci. Baƙo ya buɗe shafi, PHP, wato manhajar da ke gudanar da rubutun shafin, ya tashi ya yi aikinsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ya mutu, ya saki RAM ɗin da ya riƙe domin wani ya yi amfani da shi. Ko da rubutun ya maƙale, PHP yana zuwa da wa'adin daƙiƙa 30 wanda bayansa ake yanke shi. Wannan ne ya sa inji ɗaya ke iya ɗaukar mutane da yawa a kan kuɗi kaɗan. Bot kuwa ba ya mutuwa. Bot na IRC yana riƙe da haɗinsa da cibiyar hira ba dare ba rana, bot na Discord yana riƙe da hanyar WebSocket yana aika alamar cewa yana raye a kai a kai, bot na Telegram mai amfani da getUpdates kuma yana tsaye yana jiran saƙo, da ya samu sai ya sake komawa jira. A matsayin misali na lissafi kawai, idan mutum 200 suka kunna bot da aka rubuta da Node.js ko Python, kowanne ya riƙe megabait 100, to gigabait 20 na RAM sun tafi kafin baƙo ko ɗaya ya buɗe shafi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda matsalar ke bayyana. Yawancin masu rubuta irin waɗannan manhajoji masu koyo ne, kuma sau da yawa bot ɗinsu yana tara bayanai a RAM ba ya saki, har ya kumbura a hankali cikin kwanaki. Idan RAM ya ƙare, Linux yana da wani sashe da ke zaɓen manhajar da zai kashe domin ya ceci injin, kuma ya fi karkata ga wadda ta fi riƙe RAM. A sabar haɗaka, wannan manhajar sau da yawa ita ce MySQL ko MariaDB, wato mai riƙe da rumbun bayanan shafuka. Sakamakon haka, bot ɗin mutum ɗaya ya ci RAM, rumbun bayanan kowa ya faɗi, shafukan kowa su fara nuna kuskure, shi kuma bot ɗin yana nan yana ci gaba da hira. Sannan masu bot sukan sa cron, mai gudanar da aiki a lokutan da aka tsara masa, ya riƙa duba ko manhajarsu na raye ya sake tayar da ita idan ta mutu, kuma idan rubutun dubawar bai yi daidai ba sai ka tarar da kwafi goma na bot ɗaya suna gudana tare.

Duk da haka, wannan ne haɗarin da ya fi sauƙin magani. Tun daga 2008 Linux yake da cgroups, waɗanda ke ba ka damar ƙayyade wa kowane mai asusu iyakar RAM da CPU da yawan ayyukan da zai kunna, kuma kamfanin CloudLinux ya gina kasuwancinsa ne a kan wannan buƙata. Da a ce cin ƙarfin inji ne kaɗai matsalar, da na ce ka sa iyaka ka ƙyale su.

Matsalar da ba ta da irin wannan magani ita ce adireshin IP. A sabar haɗaka, ɗaruruwan shafuka suna fita duniya da adireshi ɗaya ko kaɗan, kamar gidan haya mai ƙofa guda: idan mutum ɗaya ya ɗauko rigima daga waje, kowa a gidan ne ba zai samu hanyar shiga ko fita ba. Shafin intanet na talla ko na ƙaramar sana'a ba ya yawan samun abokan gaba. Bot na hira kuwa a tsakiyar mutane yake zaune, yana korar wannan, yana hana wancan magana, yana riƙe da ikon zaure. Eggdrop, bot na IRC wanda Robey Pointer ya rubuta a 1993 kuma har yau ana amfani da shi, an ƙirƙire shi ne domin tsare zauren IRC daga masu son ƙwace shi. Wanda aka kora daga zaure yana jin haushi, kuma a IRC umarni ɗaya na whois ya isa ya nuna masa adireshin da bot ɗin ya fito, sai dai idan cibiyar ta rufe shi da suna na aro. Daga nan abin da ya rage masa shi ne ya yi hayar harin DDoS, wato ambaliyar saƙonni daga dubban injuna, abin da ake sayarwa da arha a ɓoyayyun kasuwannin intanet.

Wannan ba sabon labari ba ne. A ƙarshen 2002 zuwa farkon 2003, hare-haren DDoS sun durƙusar da DALnet, wadda a lokacin tana cikin manyan cibiyoyin IRC na duniya, har wasu masu ba ta injuna suka janye. Tun daga wancan zamanin kamfanonin haya da yawa suka rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a yarda da IRC ba ko kaɗan, kuma sun rubuta ne bayan sun ɗanɗana kuɗarsu. Girman hare-haren kuma ya ƙaru ninkin-ba-ninki: a watan Satumba na 2016 Mirai, wani gungun na'urorin da masu kutse suka kama, ya kai wa shafin KrebsOnSecurity hari na kusan gigabit 620 a daƙiƙa, a watan Fabrairu na 2018 kuma GitHub ya sha harin tarabit 1.35 a daƙiƙa. Ba a buƙatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan domin a toshe inji mai layin gigabit ɗaya.

Ya kamata ka san abin da zai faru a cikin mintunan farko na harin, domin a nan ne masu ƙananan kamfanoni ke shan mamaki. Katangar tsaron da ke kan injinka ba za ta yi amfani ba, tunda layin ya riga ya cika kafin saƙonnin su iso gare ta. Cibiyar bayanan da kake haya a cikinta tana da sauran masu haya da za ta kare, saboda haka idan ba ka biya kuɗin tace ambaliya ba, abin da za ta yi shi ne ta sanar wa manyan masu jigilar intanet ta hanyar BGP cewa duk abin da ya nufi wannan adireshi a zubar da shi a hanya. Harin ya daina damun cibiyar, amma adireshinka ya ɓace daga intanet na sa'o'i, wani lokaci na yini guda ko fiye. Duk shafukan da ke kansa sun mutu, wasiƙun imel sun daina shigowa, kuma za ka kwana kana amsa ƙorafin mutanen da ba su taɓa jin sunan IRC ba.

Wani zai ce a Discord da Telegram ba a ganin adireshin bot, tunda saƙo yana bi ta injunan kamfanin ne. Haka ne, amma bot da yawa suna da ɗabi'ar buɗe duk wani mahaɗin shafi da aka liƙa a zaure domin su nuna takensa ko hotonsa. Mai mugun nufi sai ya liƙa mahaɗin da ke zuwa injin da yake iko da shi, bot ɗin ya buɗe, shi kuma ya duba rajistar injinsa ya ga adireshinka a rubuce. Idan ka ɓoye shafukan abokan cinikinka a bayan Cloudflare ko makamancinsa domin kada a san ainihin adireshin sabar, wannan buɗewa guda ɗaya ta rusa ɓoyon ga kowa da kowa.

Bayan hari daga waje, akwai zubewar mutuncin adireshin. Cibiyoyin IRC suna hana adireshi shiga gaba ɗaya idan wani daga cikinsa ya dame su, kuma akwai jerin sunaye irin su DroneBL da cibiyoyi da yawa ke dubawa kafin su karɓi haɗi. Discord ya bayyana a ƙa'idojinsa cewa adireshin da ya aika buƙatu marasa inganci 10,000 cikin minti 10 za a toshe shi na ɗan lokaci, kuma toshewar tana kan adireshi ne, saboda haka bot ɗaya da ya maƙale yana ta gwada makullin shiga, wato lambar sirrin bot, wanda ya daina aiki zai jawo a rufe wa duk sauran bot-bot da ke injin ƙofa. Idan kuma aka yi amfani da wani bot wajen watsa saƙonnin banza ko mahaɗan damfara, adireshin na iya shiga jerin Spamhaus na adireshin masu aika saƙonnin banza, daga nan wasiƙun imel na abokan cinikinka su fara dawowa ko su faɗa akwatin tarkace. Shiga irin wannan jeri yana da sauri, fita kuwa sai da bayani da jira.

Sai batun tsaron injin kansa, wanda a ganina ya fi DDoS haɗari ko da yake ba ya yin ƙara kamarsa. Bot manhaja ce da ke karɓar rubutu daga baƙin da ba a sani ba ta yi aiki da shi. Masu rubuta shi sukan sa masa umarnin da ke gudanar da duk abin da mai shi ya rubuta, domin sauƙin gwaji, kuma kuskure kaɗan wajen tantance waye mai shi ya isa ya ba baƙo damar gudanar da umarni a kan injinka. Eggdrop ma yana da umarnin da ke gudanar da rubutun Tcl kai tsaye, wanda ba a kunna shi sai mai shi ya buɗe, amma mutane suna buɗewa. Ko babu wannan, bot mai buɗe mahaɗai ana iya yaudararsa ya buɗe 127.0.0.1, wato injin kansa, ya taɓa manhajojin da ka ɗauka suna ɓoye, irin su Redis mai ajiye bayanai, a ƙofa (port) ta 6379, wanda sau da yawa ake barinsa babu kalmar sirri saboda an ɗauka babu mai isa gare shi daga waje.

Da zarar baƙo ya samu ikon gudanar da umarni a matsayin ƙaramin mai asusu, abin da ke tsakaninsa da cikakken iko da injin shi ne rauni guda a Linux wanda ba ka toshe ba tukuna. Irin waɗannan raunuka suna fitowa a kai a kai. Dirty COW, wanda aka bayyana a watan Oktoba na 2016, ya yi kusan shekara tara a cikin Linux kafin a gano shi. PwnKit, wanda aka bayyana a watan Janairu na 2022, ya kasance a cikin pkexec tun 2009, kuma yana ba kowane mai asusu ikon root, wato cikakken iko da injin, cikin sauƙi. Wanda ya kai ga root a sabar haɗaka ya samu rumbunan bayanan kowa da wasiƙun kowa da kalmomin sirrin da ke cikin fayilolin saitin kowane shafi. Gaskiya ne cewa tsohon WordPress da ba a sabunta ba shi ma ƙofa ce irin wannan, amma wancan ƙofa ce da ka riga ka sani, ka sa mata katangar tace buƙatun yanar gizo da na'urar bincike. Saƙon da ke zuwa wa bot yana shigowa ne ta haɗin da bot ɗin ya buɗe da kansa zuwa waje, a rufe da tsarin ɓoye saƙo na TLS, saboda haka duk waɗannan matakai ba sa ganinsa.

Kada kuma a manta da inda manhajar ta fito. Mai bot yakan sauko da ɗaruruwan ƙananan guntayen manhaja daga rumbunan npm ko PyPI ba tare da ya karanta ko ɗaya ba, kuma an sha gano waɗanda aka dasa musamman domin satar makullan Discord. Ko manhajar da aka sani ma ba ta tsira ba: a watan Yuni na 2010 aka gano cewa kwafin manhajar sabar IRC ta UnrealIRCd 3.2.8.1 da ake saukewa daga wasu rumbunansa na hukuma an musanya shi da mai ɓoyayyiyar ƙofa tun watan Nuwamba na 2009. Akwai kuma ɓarakar da ke tsakanin maƙwabta: wanda ya rubuta makullin bot ɗinsa a layin umarni lokacin kunnawa, duk mai asusu a injin zai gan shi da umarnin ps, sai dai idan ka ɗora /proc da zaɓin hidepid ko ka killace kowa da CageFS na CloudLinux.

Akwai wata asara da ba kasafai ake lura da ita ba. A injin da ba a yarda da bot ba, idan ka ga asusun wani shafi ya buɗe haɗi zuwa ƙofa ta 6667 ko 6697 a waje, ko ka ga wata manhajar Perl tana gudana daga /tmp tsawon kwana biyu, ba ka buƙatar dogon bincike: an kutsa shafin, an dasa bot na masu kutse da ke karɓar umarni daga wani zaure. Shekaru da yawa IRC ce hanyar da masu kutse ke sarrafa injunan da suka kama, yanzu kuma da yawa sun koma amfani da Telegram da Discord wajen karɓar umarni da fitar da bayanan sata. Idan ka halatta bot, wannan alama mai kaifi ta dushe. Duk haɗin da ka gani sai ka tsaya ka tambayi kanka ko na abokin ciniki ne ko na ɓarawo, kuma ɓarawon zai sa wa manhajarsa suna mai kama da na halal.

Ta fuskar doka zan taƙaita. Bot-bot na XDCC, masu raba fayiloli a IRC, an daɗe ana amfani da su wajen raba finafinai da manhajojin sata, kuma takardar ƙorafin mai haƙƙin mallaka tana zuwa ne ga wanda aka yi wa rajistar adireshin, wato kai ko cibiyar da ke sama da kai, wadda za ta ba ka ɗan gajeren wa'adi kafin ta cire injin daga layi. Bot mai adana hirar mutane yana tara bayanan wasu a kan faifanka, kuma idan cikinsu akwai mazauna Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a 2018 na iya shafar yadda ake riƙe su.

Nau'in da na ce za a iya bari shi ne bot mai aiki da webhook. A Telegram, idan mai bot ya yi amfani da setWebhook, kamfanin ne ke turo kowane sabon saƙo zuwa wani adireshin HTTPS na shafinsa, a ɗaya daga ƙofofin 443, 80, 88 ko 8443, rubutun PHP ya tashi ya amsa ya mutu kamar kowace buƙatar shafi. Discord ma yana da irin wannan hanya domin umarnin da ake farawa da alamar /, inda yake turo buƙata ya jira amsa cikin daƙiƙa 3. Irin wannan bot ya dace da tsarin da aka gina sabar haɗaka a kansa: ba ya riƙe RAM, yana bi ta katangar tsaronka, yana bayyana a rajistar shafi, kuma iyakokin da ka sa wa kowane asusu suna aiki a kansa. Abin da za ka nema daga mai shi shi ne ya tantance cewa saƙon daga kamfanin ya fito, ta hanyar kalmar sirrin da Telegram ke sakawa a kan buƙatar ko sa hannun da Discord ke yi, kuma kada ya bar bot ɗin yana buɗe duk mahaɗin da aka ba shi.

Ga sauran kuwa, idan kana son kuɗinsu, ka ware musu wuri. Mafi kyau shi ne VPS, wato keɓantacciyar sabar da aka yanka daga babban inji, mai cikakken killacewa irin ta KVM, kowa da nasa tsarin Linux da nasa adireshin IP, ta yadda wanda ya jawo hari shi kaɗai zai ɓace daga layi. Kwantena irin ta Docker ta fi babu, amma duk kwantenonin da ke inji ɗaya suna tarayya a zuciyar Linux (kernel) guda, saboda haka rauni irin na Dirty COW na iya ratsa su. Idan za ka yi inji na musamman domin bot-bot, ka sa shi a rukunin adireshi dabam da na shafuka da na imel, zai fi kyau ma a cibiyar da ke tace DDoS kuma ta yarda da IRC a rubuce, domin idan cibiyarka ta hana, izinin da ka ba abokin cinikinka ba shi da wani amfani. Ka ƙayyade wa kowane bot RAM da CPU da yawan ayyuka ta hanyar systemd, ka hana shi taɓa adireshin cikin gida, ka rufe ƙofa ta 25 mai fita domin kada a aika imel ta wurinsa, sannan ka rubuta a yarjejeniya cewa za ka dakatar da duk bot ɗin da ya jawo hari ko ƙorafi nan take, bayani ya biyo baya.

A kan injin haɗakar kuma, rubuta hani a takarda bai isa ba, domin mutane za su gwada ko da cron ne. Ka toshe ƙofofin IRC masu fita, daga 6660 zuwa 6669 da 6697, ga duk asusun abokan ciniki. Ka sa wani rubutu ya riƙa duba ayyukan da suka daɗe suna gudana a ƙarƙashin waɗannan asusu ya kashe su ya sanar da kai. Bot na Telegram da Discord suna fita ta ƙofa ta 443 kamar kowane haɗi na yau da kullum, saboda haka toshe ƙofa ba zai kama su ba. Abin da ke tona su shi ne daɗewar haɗin, kuma umarnin ss -tnp zai nuna maka wace manhaja ce ke riƙe da shi da lambar aikinta, daga nan ka gano asusun da ya kunna ta.